Gwangwanin Noti

A bayan garejinmu na Gujungu,
gindin dalbejiyar da ta ƙoshi da baƙin mai,
akwai wani gwangwani da ya girme ni.
Fentin cikinsa ya ƙare tun ba a yi mini kaciya ba.
Yanzu noti yake ci, da washa, da lanƙwasasshiyar ƙusa.
Rubutun jikinsa kamar sawun zabi a laka.

Baba Haladu bai taɓa karanta shi ba,
amma cewa yake, “Na Jafan ne,
masu shi ba sa tauye mudu.”
A ina ya san su? A jikin ƙarfe.
Kantar Alhaji Lawi da ya fesa wa kore
ta ga damina tara,
tsatsa na ta kewaya ta tana neman ƙofa,
ba ta samu ba.

Bara Ɗayyabu, ɗan ƙanwata, ya zo hutu daga Dutse.
Ya ɗora wa gwangwanin waya
kamar likita da ƙirjin majinyaci,
ya bi sunan har gidansu.
Ashe ba su suke dama fentin ba,
'yan kasuwa ne, masu saro da sayarwa.
Wani tsoho ya fara da rumfa ɗaya a bakin teku,
yana auna wa masu kwalekwale.
Shekarar yaƙi wuta ta lashe rumfar,
'ya'yansa suka share toka, suka sake kafa dirka.
Da mota ta yawaita suka bi ƙurarta:
fenti dai, sai robar bakin gilashi,
sai birki, sai abin da ban san sunansa ba.

Na yi dariya har Ɗayyabu ya tsargu.
Na ce, yaro, ai labarin kakanka kake karanto mini.
Da buroshi ɗaya ya fara,
yana shafa wa amalanke shuɗi, yana rubuta allon shago.
Gobarar tasha ta bar shi da wando da bindigar feshi.
Ya ci bashin kwamfuresa,
daga baya ya kafa tebur:
filogi, bel, takalmin birki a kwali.
Su bene suka gina, in ji waya, hawa kan hawa.
Mu rumfar kwano ce, ƙafa shida, ɗaya ta karkace.
Amma wutar da ta gwada su ita ta gwada shi.

Abu ɗaya wayar ba ta faɗa ba.
Fentin da ya tsare ƙarfe bai tsare ƙirji ba.
Shekara talatin yana shaƙar tina
da tsumma ɗaure a hanci,
yana kora ta da madarar gwangwani, wai magani.
Tarinsa na asuba har liman ya san shi.
Ranar da tarin ya yi shiru
motocin da ya fesa suka jeru har bakin maƙabarta,
kore, ruwan ƙwai, kore,
ba wadda ta koɗe.

Lahadi, ranar kasuwa,
kantar Lawi ta tsaya a gyara mata birki,
maƙare da buhunan riɗi.
Na tambayi yaron mota, ina za a kai?
Ya ce Kano, daga nan Ikko, daga nan ruwa,
wai har ƙasar masu gwangwanina ana cin sa.
To ashe mun daɗe muna ciniki da su
ba mu taɓa gaisawa ba.

Da zan ɗauko noti mai lamba sha huɗu
sai na ga haske ta gindin gwangwanin:
tsatsa ta samu ƙofarta a ƙarshe.
Na yanko fallen langalanga na liƙe,
na shafa masa ragowar koren Baba,
na kewaye rubutun, ban taɓa ko ɗigo ba.
Ƙwayar riɗi uku sun faɗa ciki daga rigata.
Na bar su.